Cittar da Na Ce daga Jere Na Sayo

Duk tsawon shekarun da na yi ina harkar citta a Kafanchan, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da Sufeton 'yan sanda ya ajiye mini biro da takarda ya ce in rubuta inda na samo kayana. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan nake rubuta wa wannan, don kun saba ganina kamar mutumin da bai taɓa yin wauta ba.

Shekarar da cuta ta ruɓar da citta a gonaki ne. Sito-sito duk babu kaya, ni kuwa ga buhu goma sha huɗu na busasshiyar citta, fara tas. A wani ƙaramin ƙauye bayan Godogodo na samo ta, wurin matan zumunta na coci da ke noma gona ɗaya tare, cutar ba ta kai gare su ba. Ba wanda ya san da su sai ni. Ga wanda ba ɗan sana'a ba: dila, wato mai sarin kaya, ba ya faɗin inda yake saye. Ka faɗa da safe, da yamma abokinka yana can ya ƙara farashi. Ko matata ta tambaye ni ina za ni, wani garin nake kira mata.

A makon ne aka fasa siton wani manomi a Gidan Waya aka kwashe masa citta. Wani ya raɗa wa 'yan sanda cewa ni Bitrus ina da kaya alhali kowa ba shi da shi. Aka zo da manomin, ya dubi buhunana ya ce nasa ne. A ofishin 'yan sanda Sufeto ya ce, "Oga Bitrus, abu mai sauƙi. Rubuta wanda ya sayar maka, mu je mu tambaye shi."

Na ɗauki biro na rubuta cewa a bakin titin Jere na saya, wurin wani mai mota. Har ina jin daɗi a raina, wai na tsare sirrina. Na ba su amsar da nake ba abokan kasuwa, na manta su waɗannan za su shiga mota su je su duba. Suka je Jere, ba wanda ya san zancen. Aka kai ni kotun majistare da tuhumar karɓar kayan sata, laifin da ke kai mutum gidan yari. Da ƙyar wani dattijon cocinmu ya tsaya mini aka ba ni beli.

Lauyar da na ɗauka, Barista Rifkatu, 'yar tsohon hedimastanmu ce, a gabana ta girma. Na shiga ofishinta da dabarata a shirye.

"'Yata, kada ki wahalar da kanki. Ina da mutum biyu da za su rantse sun gan ni a Jere."

"Sun gan ka?"

"Za su tuna."

Ta cire gilashinta. "Baba, yanzu tuhuma ɗaya ce a kanka. Kana so in mayar maka da ita biyu, har da abokanka? A ina ka sayi cittar?"

"Wannan sirrin sana'a ne."

"To ka riƙe shi da kyau. A gidan yari ba mai ƙwace maka."

Sai da na kwana uku ina juyi kafin na faɗa mata, shi ma sai da na leƙa na tabbata ba kowa a bakin ƙofa. Ta bayyana mini yadda ake gina kariya: ba labari mai daɗi ake nema ba, abu ake nema wanda alƙali zai iya taɓawa da hannunsa, da mutanen da ko an juya musu tambaya sau goma amsarsu ɗaya ce, don gaskiya suke faɗi. Ta sa na ɗauke ta har ƙauyen. Ta zauna da shugabar zumunta, Mama Laraba, tana ta tambayoyin da na ga ba su da amfani: yaushe suka tone, ina suka shanya, da me suke tsagawa.

"Da wuƙa mana," in ji Mama Laraba. "Ina muka ga inji a nan? Duba hannuna."

Barista ta juyo ta dube ni. Ni da nake cika baki cewa ko ido rufe ina gane citta, ban yi wannan tunanin ba. Tsagar inji tana fita bai ɗaya, kauri ɗaya. Tsagar wuƙa kuwa kowace da kamarta, wata ta karkace, wata ta yi kauri.

Ranar da manomin Gidan Waya ya ba da shaida, Barista ta tambaye shi a hankali yadda yake tsaga cittarsa. Ya ce da inji, har da alfahari, wai shi ya daina wahalar wuƙa tun tuni. Ta roƙi kotu a kwance buhu ɗaya cikin waɗanda aka ajiye a matsayin shaida. Aka zuba a faranti aka miƙa wa alƙali, aka miƙa wa manomin. Ya juya ta a tafin hannunsa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, buhun dai irin nawa ne, amma wannan ba tsagata ba ce." Mutumin kirki ne, asara ce ta rufe masa ido.

Saura ƙaryata. Barista ta riga ta gaya mini cewa dole in amsa ta da bakina, kuma dole a kira sunan ƙauyen a fili don a rubuta. Ranar kariya Mama Laraba ta dafa Littafi Mai Tsarki ta rantse, ta faɗi sunan ƙauyensu, har ta ƙara da kwatancen hanya wanda ba a tambaye ta ba: "Idan ka wuce gada, ka bi hannun hagu." Na waiwaya. Abokan sana'ata biyar na zaune a bencin baya, wai sun zo taya ni jaje. Ɗaya yana rubutu a tafin hannunsa.

Da na hau akwatin shaida, mai gabatar da ƙara ya ɗaga takardata.

"Wannan rubutunka ne?"

"Nawa ne."

"Mutumin da bai yi laifi ba, me zai sa ya yi wa hukuma ƙarya?"

Na nuna bencin baya. "Ranka ya daɗe, saboda waɗancan."

Kotu ta fashe da dariya, sai da aka tsawatar. Alƙali ya sallame ni ya wanke ni, amma kafin in sauka ya yi mini faɗan da tun ina firamare ba a yi mini irinsa ba, ya ce in gode wa Allah da ba a tuhume ni da ba da bayanin ƙarya ba.

Mako na gaba na hau babur na nufi ƙauyen don in yi godiya, in kuma kama sauran kayan. Na tarar da motoci uku a ƙofar coci. Mama Laraba ta tare ni da fara'a.

"Sannu, Bitrus! Allah ya yi maka albarka da wannan shari'a naka. Ashe haka citta yake da tsada a gari?"

Na sayi buhu biyu a sabon farashi, a bayan layi.

Abin da na koya ke nan. Ɓoye hanya yana da amfani a kasuwa, ban ce ku daina ba, ni ma ban daina ba. Amma ranar da aka miƙo maka biro a ofishin 'yan sanda, kada ka rubuta komai sai lauyanka ya zo, shi kuma ka gaya masa gaskiya tun zaman farko. Da na yi haka, da mota ɗaya ce za ta je ƙauyen nan, ta Sufeto, shi kuwa ba ya sayen citta.