Yadda Na Sayar wa Manomin Watari Gidan da Ba Nawa Ba

Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye da ke bayan Ungogo. A gonar mahaifina na tashi, muna noma gero da dawa da gyaɗa, kuma har na kai shekara ashirin da biyar ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Na gama sakandare, don haka ni mutanen garinmu suke kawo wa takarda in karanta musu. Ba zan faɗi sunana ba, saboda ina da 'ya'ya, kuma kunyar da na jawo musu ta isa haka.

A kan idona birni ya taho ya cinye gonakinmu. Inda muke shuka dawa aka yanka fulotai, aka fara jera bulo. Wani ɗan kasuwa, Alhaji Mamuda, ya sayi gonar maƙwabcinmu ya gina gidan haya mai ɗaki goma sha biyu. Da yake harkokinsa a cikin birni suke, sai ya nemi wanda zai riƙa karɓar masa kuɗin haya yana kula da gyara. Mahaifina da kansa ya kai ni wajensa.

Shekarar farko na riƙe amana. A ta biyu ne wani mai tuƙa adaidaita sahu ya zo neman ɗaki, ga shi ɗaya ne ya rage kuma mutum uku suna so. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, zan ɗora maka wani abu a kai, ba sai Alhaji ya ji ba." Na karɓa, na ce wa kaina ai kyauta ce. Daga nan duk ɗakin da ya tashi sai in ƙara masa kuɗi, in kai wa Alhaji tsohon farashi. Sai na koma kan gyara. Idan kwano ɗaya ya yi yoyo, in ce uku ne. Alhaji bai taɓa zuwa ya duba ba. Kullum a waya yake cewa, "In ka ce haka ne, haka ne."

Ban daɗe ba na zama dillalin gidaje da filaye. Na sayi babur, na daina zuwa gona, har na fara ganin mahaifina a matsayin wanda bai waye ba. Wata shekara na tara kuɗin hayar gidan Alhaji gaba ɗaya na sayi albasa na ajiye, da niyyar in ta yi tsada in sayar in mayar masa da nasa. Albasar ta ruɓe a rumbu. Maimakon in je in faɗi gaskiya, sai na fara karɓar kuɗin ɗaki ɗaya daga hannun mutum biyu, ina toshe wannan rami da ƙasar wancan.

Ana cikin haka wani surukina ya haɗa ni da Malam Isiyaku, dattijo daga Bagwai mai noman rani a Watari. Ya haura sittin, gwiwoyinsa sun fara gajiya. Ya ce mini, "Ɗana, shekara da shekaru ina tara abin da tumatir ya bar mini, na haɗa da kuɗin shanuna biyu. So nake in sami ɗan gidan haya, ko na kasa sunkuyawa iyalina su ci abinci."

A lokacin akwai makullin wani gida mai ɗaki shida a hannuna. Mai gidan ya rasu, ba a raba gado ba, ɗaya daga cikin 'ya'yansa ne ya ba ni in riƙa karɓar haya. Wannan gidan na kai Malam Isiyaku ya gani. Na rubuta takardar ciniki, na sa aka sassaƙa mini hatimi na ƙarya, na ɗauko abokaina biyu a matsayin mai gida da shaida.

Dattijon ya yi tambayar da ta dace. Ya ce, "Ba za mu leƙa wajen mai unguwa ba?"

Na ce, "Baba, ya tafi Umara. Kuma gobe akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗinsa a hannu. Ni don kai nake riƙe gidan nan."

Sai ya ce to. Washegari ya kawo kuɗin a cikin buhun taki. Da muka rabu har ya kama hannuna yana sa mini albarka. Na amsa da amin, bakina bai ko yi nauyi ba.

Wata biyu bayan haka ya zo karɓar hayarsa ta farko, ya tarar da babban ɗan marigayin a ƙofar gida. A ranar 'yan sanda suka ɗauke ni a gaban matata. Da labari ya bazu, Alhaji Mamuda ya zo gidansa karo na farko, 'yan haya suka fito kowa da nasa ƙorafin. Alƙali ya yanke mini shekara huɗu kan zamba cikin aminci. Mahaifina ya sayar da ragowar gonarmu ya biya Malam Isiyaku abin da bai kai rabi ba. Ina gidan yari ya rasu, ban sami sallar gawarsa ba.

Da na fito, kafin in nemi aiki sai da na hau mota zuwa Watari. Na sami Malam Isiyaku a durƙushe cikin kunyar tumatir, yana jan jiki daga wannan shuka zuwa waccan domin tsayuwa ta gagare shi. Na tsuguna na ce, "Baba, ni ne. Na zo neman gafara."

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Na yafe maka, don ni ma ina neman Allah Ya yafe mini." Ya mayar da kansa ga aikinsa, ya ƙara da cewa, "Matsa kaɗan, kana taka mini shuka." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Yanzu leburanci nake yi a wajen magina, kuma duk abin da na iya ragewa ina aika masa. Na tuba ga Allah, ina fatan Ya karɓa.

Ku matasa, na san da yawanku kuna mafarkin gidan haya, kuma sana'a ce ta halal mai albarka. Amma ku ji daga bakin wanda ya san ta inda ake cutar mutane. Kada ka biya ko kafin alƙalami sai ka je wajen mai unguwa da ƙafarka, ka tambayi maƙwabta na dama da na hagu wane ne mai gidan. Ka kai takardun ofishin filaye a duba, in da hali ka nemi lauya. Idan gidan gado ne, sai ka ga magada duka sun zauna sun sa hannu. Shaidu su zama naka, ba na dillali ba, kuma ka biya ta banki da sunan mai gida. Duk dillalin da ya ce maka gobe wani zai zo da kuɗi, ka ce masa Allah Ya ba wancan sa'a.

Kada ka raina farawa da ɗaki biyu ko shago ɗaya. Ka je ka ga wurin da damina, domin filin da ya yi kyau da rani yana iya zama tafki. Ka duba ruwan sha da banɗaki da hanyar mota, su ɗan haya yake fara tambaya. Ka rubuta yarjejeniya da kowane ɗan haya, ka ba shi rasit, ka ware wani abu daga hayar saboda gyara. In ka ɗora wani a kan gidanka, ka riƙa zuwa ba sanarwa kana gaisawa da 'yan haya. Rashin zuwan mai gida yana lalata ko mutumin kirki.

Kai kuma da aka damƙa wa makullin gidan wani, da kai na fi yi. Ranar da aka ja ka gefe aka ce ba sai Alhaji ya ji ba, ka ɗauki waya a gaban mutumin ka kira Alhaji. Ni ban kira ba, shi ya sa yau wani dattijo yake rarrafe a gona a shekarun da ya kamata ya huta.