Littafin Ƙananan Dawaki da Inna Kulu Ta Buɗe Daga Dama

Na shafe shekara arba'in ina ganin cewa kakata, Inna Kulu, kuskure ta yi a wani dare na lokacin sanyi, kuma ni, yaro ɗan aji uku a firamare, na fi ta gaskiya. Da wannan tunanin na shiga jami'a, da shi na fito, da shi furfura ta same ni.

A ƙauyenmu na asali, can gefen Maradun, Inna Kulu ce mai tatsuniya. Bayan sallar isha'i takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, yaran unguwa su kewaye ta. Da aka gina madatsar ruwan Bakolori, ruwa ya ci garin, muka koma wajen dangin mahaifina kusa da Talata Mafara. Turmi ya biyo mu, randuna sun biyo mu, amma tatsuniya ba ta biyo mu ba. Inna ta ci gaba da hura wutarta, sai dai ta zauna ta zuba mata ido. Idan ni da ƙanwata Hajara muka roƙe ta, sai ta ce, "Tatsuniyoyina na can ƙarƙashin ruwa. In kun iya iyo, ku tai ku ɗauko." Wata bakwai aka yi a haka, har muka daina roƙo.

Sai Kawu Isa, wanda ke dafa wa baƙin ma'aikatan madatsar abinci, ya zo mana da wani ɗan littafi. Ya ce wani baƙo mai gyaran manyan injuna ne ya bar shi da zai koma ƙasarsu. A bangonsa an zana ƙananan dawaki masu manyan idanu, ɗaya ruwan hoda, ɗaya shuɗi. Cikinsa zane ne baƙi da fari a gida-gida, da wani rubutu mai kama da sawun kaji wanda ba wanda ya iya karantawa.

Tunda Inna ta ƙi, na ce ni zan yi wa Hajara tatsuniya. Na zauna gaban wuta, na buɗe littafin daga hagu yadda malaminmu ya koya mana, na shiga bin hotuna. Ga dawaki biyar suna shagali a gindin bishiya. Can sai suka zama huɗu, sannan uku. Kowane shafi na buɗa, sai wani ya ɓace. A shafi na ƙarshe, wata 'yar farar goɗiya ce kaɗai a bakin kogi, da ƙunshin kaya a bayanta, hawaye na zuba daga manyan idanun nan. Na ce, "Shi ke nan, kowa ya watse." Hajara, wadda ta baro ƙawayenta uku a tsohon gari, ta fashe da kuka.

"Kai, maigidana, mi ka yi ma yarinya?" in ji Inna. Haka take kirana, irin wasan kaka da jika. "Miƙo man wanga abu."

Inna 'yar malamai ce, ta girma da allo da takardun mahaifinta. Ta juya littafin, ta buɗe shi daga dama.

Na ce, "Inna, ba ta nan ake farawa ba. Wannan na boko ne."

"Malam boko! Wa ya koya maka shiga gida ta bayan danga? Zauna." Ta kusantar da shafin ga hasken wuta, ta daɗe tana kallon 'yar goɗiyar, sannan ta gyara murya. "To, ga wata nan ta taho. Ku matsa mata wuri."

Mu ma ba mu san lokacin da muka amsa ba.

A bakin Inna, farar goɗiyar ta zama 'Yar Kili, baƙuwa wadda ambaliya ta cinye wa barga, ta sauka wata ƙasa da ƙunshinta kaɗai. Ba ta amsa gaisuwa, kullum tana cewa ciyawar ƙasar ɗaci gare ta. Sai Akawal, wani baƙin doki mai tsokana, ya fizge ƙunshin ya ruga. Ta bi shi a fusace, suka yi karo da Danda mai kwaɗayi, wanda ya tsoma kai cikin tukunyar kunu ta maƙale masa. Inna ta kwaikwayi haniniyarsa daga cikin tukunya, Hajara ta yi dariya da majina a hanci. Haka dawaki suka riƙa ƙaruwa shafi bayan shafi, har suka cika biyar a gindin bishiya.

"Kun ga inda 'Yar Kili ta yi dariya?" in ji Inna, ta sa yatsa a kan hoton tukunyar. "Nan ta zama 'yar gari. Baƙo bai gama sauka ba sai ya yi dariya a garin mutane." Ta rufe littafin, ta ce tatsuniya ta koma inda ta fito, kuma ba don kukan Hajara ba da ba ta tsokano ta ba.

Na ji daɗi, amma ban yarda ba. A wurina ta juya labarin ne don ta lallashi yarinya, kuma labarin gaskiya shi ne nawa, mai ƙarewa da watsewa. Ina jin ma na fi son sa a haka, domin ya yi kama da abin da ya same mu.

Bara 'yata Asma'u ta zo da littafi irin wancan. Ta ce daga wani wasan yara na talabijin aka ɗauko labarin aka zana shi. Na buɗe shi daga hagu, sai ta yi dariya ta ce, "Baba, na Japan ne, daga dama ake farawa. Ka fara da ƙarshe." Na tambaye ta yadda rubutun ƙasar yake, ta nuna mini a waya. Sawun kajin nan ne.

Ba na son in yi wa Inna ƙarin da ba ta nema ba: ba ta san Japan ba, kuma da littafin na Turawa ne, da daga dama za ta buɗe shi duk da haka. Abin da ke damuna ya shafe ni ne. Hotuna ɗaya muka gani ni da Inna, amma ban taɓa tambayar kaina ko ni na shiga ta inda ba ƙofa ba, domin na riga na yanke cewa hannun da ya saba da allo ba zai gyara wa ɗan boko karatu ba. Haka kuma ban lura ba cewa a wancan daren ba Hajara kaɗai take yi wa labarin ba, har da kanta, baƙuwar da ruwa ya cinye wa gida.

Washegarin wancan daren, bayan isha'i, Inna da kanta ta aiki Hajara ta kira yaran maƙwabta, waɗanda ba ta san ko sunayensu ba. Daga ranar ba ta sake fashin tatsuniya ba, har damina uku, lokacin da Allah Ya karɓi ranta.