Matar da Ta Kaurara Jan Layi

Ƙarfe bakwai da rabi take shigowa ofis, tun mai shara bai gama ba. Ta tura jaka ƙarƙashin tebur, ta zare takalmi saboda ƙafar da ke kumbura mata, ta kunna kwamfuta. Abin da take fara buɗewa shi ne abin da kowa a cikinmu ke gudu: fayil ɗin saiti.

Manhaja muke rubutawa a wurin nan. Akwai allon da muke rubutun a kansa, akwai kuma wata 'yar ƙaramar manhaja da ake liƙa masa, mu muna ce mata mai gadi. Ita ke ja wa mutum layi a ƙarƙashin kuskure, ta nuna masa ya manta waƙafi a nan, ya buɗe baka a can bai rufe ba. Sai dai mai gadi ba ta da hankalin kanta. Sai an zauna an tsara mata abin da za ta kama, da wanda za ta ƙyale, da kalar da za ta nuna. Fayil guda ke ɗauke da wannan duka, shi ke mulkin kwamfutocinmu mu goma sha tara, kuma ba a yarda wani ya canza nasa shi kaɗai ba. Shekara goma sha huɗu matar nan tana riƙe da shi, har sunanta ya ɓace, kowa Anti Saiti yake ce mata. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Aiki ne mai cin rai. In komai na tafiya daidai ba mai tuna tana nan. In waɗanda suka ƙirƙiri mai gadi suka sabunta ta daga can inda suke, aka wayi gari komai ya hargitse, sai ka ji ana cewa, "Anti, me kika taɓa kuma?" Mun ga lokacin da ofis ya rabu biyu, mako biyu ba a ga-maciji, a kan gibin da za a bari a farkon layi, gurbin harafi biyu ne ko huɗu. Ta saurari kowa, ta sa huɗu, ta ce mai fushi ya kawo fushinsa teburinta, kada ya kai wa ɗan'uwansa. Suka kuwa kawo.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba.

Shekara shida da suka wuce ciwon suga ya fara cin idona. Siririn jan layin nan da mai gadi ke ja, na daina ganinsa. Kurakurai suka riƙa fita daga hannuna, irin waɗanda ko ɗan koyo ba zai yi ba. Manaja ya kira ni sau biyu, ya ce karo na uku ba magana za mu yi ba. Ina da shekara hamsin da 'ya'ya biyar. Wa zai ɗauki marubucin manhaja da ba ya gani? Na ja bakina na yi shiru, ko matata ban gaya wa ba.

Wata rana da tsakar rana, kowa ya fita cin abinci, ta zo ta tsaya a bayana.

"Ƙanena, duba min allon nan naka. Jan layi nawa ka gani?"

"Biyu, Anti."

Daga baya na matsa har hancina ya kusa taɓa gilashin, na ƙirga bakwai.

"To," ta ce, ta koma wurinta.

Ranar Litinin duk kwamfutocin ofis suka tashi da sabuwar kama. Rubutu ya ƙara girma, jan layi ya yi kauri, layin da ke da kuskure ya rine gaba ɗayansa, ga wata 'yar ƙara in ka adana aiki da kuskure a ciki. Ofis ya ɗauki surutu. Wani ya ce kamar an yanka kaza a kan allonsa. Manaja ya zo da kansa ya tambaye ta dalili.

"Idona ne, ranka ya daɗe," in ji ta. "Tsufa ya zo. In dai ni zan riƙe fayil ɗin nan, sai yadda nake iya gani."

Matar da ke zura zare a allura ba tabarau. Ina zaune taku uku daga wurin, ban ce uffan ba.

Anti, ke ce kika ari ciwona kika yafa. Shekara shida ana miki dariya, ana cewa tsohuwa ta mai da mu 'yan firamare, ni ma har ina taya su murmushi don kada a gane. Duk lokacin da sabuntawa ta goge saitin, kin zauna kin mayar da shi layi bayan layi, kina murza goshi. Ba ki taɓa dubana da idon na-yi-maka ba. Mai rufa asiri ba a roƙe ta ba, na gaji da jin kunyarki.

Makon jiya wanda zai gaje ta ya faɗa a taro cewa abin da zai fara yi shi ne ya mayar da jan layin siriri yadda yake a da. Aka yi masa tafi. Na same ta tana kwashe takardu daga durowa.

"Na rubuta masa kada ya taɓa," ta ce. "Ba zai ji ba, ni kuma ba zan faɗa masa dalili ba. Na gaji, ƙanena. Wannan maganar taka ce."

Tawa ce kuwa. Na gode, Anti, Allah Ya huta gajiyarki, Ya rufa miki asiri yadda kika rufa min. Ku kuma da kuke riƙe da irin wannan aikin da ba a gani, in kun ga mutum yana ta maimaita kuskure iri ɗaya, ku je ku tsaya a bayansa tukuna kafin ku kai ƙararsa.

Manaja, na san za ka karanta wannan. Idon Anti lafiyarsa lau. Ranar Litinin ƙarfe takwas zan ƙwanƙwasa ƙofarka da takardar likita a hannuna, kuma duk abin da za a yanke, a kaina za a yanke shi.