Fuskar Inna a Ƙarƙashin Fenti

Malam Nouhou mutumin Maradi ne, Bagobiri. Na san shi a shekarar 1994, lokacin da 'yata Kubura ta ɗauko ni daga Funtuwa zuwa ƙasar Turawa don aikin ido, na zauna wurinta a unguwar Glenwood, kusa da jami'ar da take karatun sinadarai. Shi kuwa guga yake yi a wani shagon wanki a titin Elm. A tashar bas muka haɗu. Ya ji na yi atishawa na yi hamdala, ya amsa mini da Hausa, shi ke nan.

Ba mai yawan magana ba ne, ni ma haka. Mukan zauna a barandar gidanmu ranar Lahadi, shayi ya huce ba mu ce komai ba.

Wata Lahadi ya fito da gwangwanin ashana, ya buɗe. Hoto ne a ciki, bai kai tafin hannu ba. Ba na kyamara ba ne, da fenti aka yi shi a kan kwali. Mace ce da kallabi shuɗi, fuskarta sumul.

Ya ce, "Inna ce."

Na ce, "Bagobira? Ina askarta?"

Sai ya ba ni labari. Yana saurayi, ya gama lakwal, wato makarantar boko, ya samu aikin ofis, sai ya kai mahaifiyarsa wurin wani mai zane ɗan Togo. Mutumin ya zana ta da fensir. Da ya ɗauki fenti, sai Nouhou ya raɗa masa da Faransanci ya shafe tsagar kumatun, don a teburin ofis zai ajiye hoton. Inna ta karɓa, ta duba, ta ce, "Wannan 'yar gidan wa ce? Kyakkyawa." Ba ta ƙara maganar ba har ta rasu. Wani hoton nata kuma babu.

"Alhaji, yanzu in na rufe ido, wannan sumul ɗin nake gani. Tata ta ɓace mini."

Sai na ga reza a gefen gwangwanin. Nufinsa ya kankare fentin a hankali ko tsagar tana ƙasa. Na ce ya bari Kubura ta dawo tukuna. Ya ce, "Kai da ido ɗaya ke aiki, kai za ka hana ni?" Na ce ido ɗayan ma ya ga ɓata hoton zai yi.

Da Kubura ta dawo, ta ce, "Baba Nouhou, in ka sa reza, da fentin da fensirin tare za su tashi, kwalin ya tsufa. Ka ba ni sati biyu." Ta san wata Baturiya, Christy, mai gyaran tsofaffin zane-zane can wajen Summerfield. Tana da kyamara mai gani da wani haske da idon mutum ba ya kamawa. Wai hasken yakan ratsa fenti in ba shi da kauri, amma baƙin fensir yakan tsare shi. Ta kuma gaya masa gaskiya: in mai zanen ya goge fensirin kafin ya shafa fenti, ba abin da za a gani.

Rezar ni na riƙe ta sati biyun nan, a aljihun rigata.

Ranar da muka je, ya sa babbar riga, ya goge ta da kansa. Christy ta sa safar hannu, ta ɗora hoton a kan farin ƙyalle, ta kunna fitila, ta daidaita kyamara a kansa. Ko farce bai taɓa fuskar ba. Muka zuba wa wata ƙaramar talabijin ido. Da fari toka-toka kawai. Ta murɗa wani abu, kallabin ya dushe, sai layuka suka fito daga gefen baki suna hawa zuwa kunne.

Nouhou ya matso, ya sa yatsa a gilashin yana ƙirgawa, kumatun dama, sannan na hagu. A na hagu akwai ɗaya da ya karkace.

"Wannan ne. Ta ce motsi ta yi a hannun wanzami. Mai zanen nan har shi bai bari ba."

Christy ta tambayi Kubura ko lafiya, ganin yana share ido da hannun riga. Kubura ta ce lafiya lau.

Da aka kashe fitila, hoton ya koma sumul yadda yake. Christy ta ɗauki hoton abin da ya fito a talabijin, bayan kwana uku ta aiko da shi a ambulan. Bai fita sosai ba, amma tsagar tana ƙirguwa.

Na tambaye shi ko zai sa a ƙara tsagar a kan na fentin. Ya ce a'a. "Wancan aikina ne, ya zauna in riƙa gani. Wannan kuma ita ce." Ya yanke takardar daidai gwangwanin, ya ɗora ta a sama.

Na miƙa masa rezarsa. Ya ce in riƙe, gemuna ya fi bukata.