Malam Zainulabidin, Mai Zanen Dodanni na Fegge

Mutane da yawa a Fegge, unguwarmu a Anaca, suna zaton hotunan dodanni da dawakai masu fukafukai da ke bangon littattafan tatsuniya na ajina daga kwamfuta suka fito. Hannun mutum ne ya zana su, kuma ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, muka binne mai hannun. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Zainulabidin, shekara ashirin ka yi a ɗaki ɗaya a Anaca, iyalinka suna Malumfashi, sai da sallah kake ganinsu. Masu buga littattafai na babbar kasuwa kan aiko maka da labari da safe, su ce suna son bango kafin la'asar. Ba su taɓa sa sunanka ba.

Na tuna ranar da na same ka a kara, kasuwar shanu, ka ƙura wa wani bijimi ido. Na ce, “Malam, saye za ka yi?” Ka yi dariya ka ce, “Malamin yara, wuyan dodo nake nema. Abin da babu shi ma sai an aro masa ƙashi.”

Kana tsoron Allah a kan sana'arka. Saboda maganar malamai game da zana mai rai, kowace halitta ka zana sai ka ja siririn farin layi a wuyanta, don kada ta cika. Wani mai ɗab'i ya ɗauka kuskure ne, ya sa aka shafe layin a littattafai dubu. Ka hau okada ka je ka yi masa bayani da Hausa da Pidgin. Ya ce hoto mai tsaga ba ya sayuwa, ya koma ga kwamfuta. Daga nan aiki ya ragu, ba ka kuma daina jan layin ba.

Abin da ya fi damunka ba wannan ba ne. Ka sha gaya mini cewa babu wanda ya taɓa zama kusa da kai don ya koya. Mu da muke sha'awar aikinka ma kallo kawai muka yi. Na yi ta cewa zan kawo maka ɗalibaina idan an gama jarrabawa, har jarrabawa uku suka wuce.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya karɓi tsoronsa da ka yi. Matarka Hajo da 'yarku Firdausi, Allah ya ba su haƙuri, ya tsaya musu.

Hajo ta bar mini akwatin fensiranka. Ranar Asabar bayan azahar zan buɗe shi a ajina. Babba ko yaro, duk wanda kakarsa ta taɓa ba shi labarin dodo, ya zo ya ɗauki fensir ya gwada zana shi. Ni ma ban iya ba, tare za mu fara.

Abdulfatah Yunus, Fegge