Ba Shi Ya Saka Tayar Ba

Kafin rana ta yi zafi Ditiro Seleka ya riga ya buɗe rumfarsa da ke bakin hanyar fita garin Ghanzi. Ba mai kiransa da wannan suna. Rra-Masego ake ce masa, wato baban Masego, da sunan 'yarsa ta fari. Yakan fara da tsiyaye ruwan da ya taru a tankin injin iska, ya tsince ƙusoshi daga gaban rumfa, ya jera ƙarafan cire taya a kan buhu. Sannan ya tsallaka wurin Mma-Kitso mai suyar fanke, ya karɓi shayi, ya yi mata ƙorafin ƙarancin sukari. Shekara talatin da wani abu ke nan yana haka. Yau ma haka ya yi, ko da yake watanni sun shuɗe ba a kawo masa aikin kirki ba. Ya ce idan watan nan ya mutu a haka, zai sayar da injin ya rufe.

Ƙarfinsa bai ƙare ba. Ƙarya aka yi masa, garin kuma ya haɗiye ta.

Ba zan ce mutum ne mai daɗin baki ba. Kunnensa na hagu ya mutu tun ranar da zoben wani tsohon wili ya fashe kusa da kansa, don haka da ihu yake magana, ko da gaisuwa ce. Ba ya raka mai mota, ba ya yabon fenti. Amma direbobin tankar ruwa sun tuna shekarar farin da rijiyoyi suka ƙafe, lokacin da yake hawa bayan kowace mota ya shiga rairayi da ƙarafansa, ya gyara taya a inda ta fashe, don kada shanun wani su kwana biyu ba ruwa. Masu shanun nan suna raye. Wasunsu ne yanzu ke wuce rumfarsa suna kallon wani gefe.

Samarin yanzu sun shiga yayin ɗaga akori-kura. A ɗaga mota ta yi tsawo, a tsallaka iyaka a sayo manyan tayoyi, sai a zo kan wili a ce kuɗi sun ƙare, a ɗora su kan wanda motar ta zo da shi daga kamfani. Rra-Masego bai taɓa ƙin babbar taya ba. Rairayinmu yana son ta, shi ma ya saka wa mutane ba adadi. Abin da yake faɗa kullum shi ne, ɗaga mota yana ba taya wuri ta sama, ba ya ba ta wuri ta gefe. Wilin kamfani na siririyar taya ne. Ka ɗora masa mai faɗi, kumburin ya shiga ciki, wajen da tiyon birki yake, wanda ɗagawar ta riga ta ja shi ya miƙe. Wani lokaci a sha da ƙyar, wani lokaci ba a sha ba.

Shi ya sa ya tara tudun ƙasa a gefen rumfa. In ya saka taya ɗaya ta gaba, sai ya shafe cikinta da alli, ya sa mai mota ya hau tudun da ƙafa ɗaya, ya murɗe sitiyari hagu da dama. Sai ya shiga ƙarƙashi ya duba inda allin ya taɓa.

Phenyo Ramaeba ya zo da tasa wata Laraba da hantsi. Ɗan mai shanu ne, ubansa ke da rijiyar burtsatsen da rabin rugagen yamma ke shayarwa. Benci biyu na Mma-Kitso cike suke da masu shan shayi.

"Rra, taya na kawo maka, ba allon makaranta ba," in ji Phenyo.

"Da ka zauna a makarantar da ka saba da alli. Hau tudu. Murɗa. Har ƙarshe na ce, ɗan Ramaeba, ba hannun budurwa ka riƙe ba."

Masu shayi suka yi dariya. Rra-Masego ya shiga ƙarƙashi, ya jima, ya fito.

"Sauko ka gani. Alli ya hau tiyon birki."

"In kwanta a ƙasa da wannan wandon? Faɗa mini daga nan."

"Ko ka sayo wili mai fitowa waje, ko ka koma taya da ba ta kai wannan faɗi ba. Zaɓi ɗaya."

"Wili sai an aiko daga babban birni, Gaborone. Asabar ake buɗe baje kolin shanu, kowa zai zo da motarsa."

"To ka je da ƙafa. Shanu za a kalla, ba kai ba."

"Tsoho, ɗan gogawa ne kawai. Roba da roba."

"Wuƙa ma ɗan gogawa take yi."

Ya ɗaga motar a jak, ya cire babbar tayar daga wili, ya mayar da tsohuwar, ya mirgina sabuwar ya jingine ta da ƙofar motar. Phenyo ya jefa ta baya, ya ce ba Rra-Masego kaɗai ke da ƙarfen taya a garin nan ba. Gaskiya ya faɗa. Kafin la'asar an saka masa duka huɗu a wata rumfa. Ranar Asabar motar ta fi kowace tsawo a filin baje koli.

Bayan 'yan makonni yana dawowa daga ruga, mutane a baya, saniya ta shigo hanya. Ya taka birki, birki ya nutse. Ya kauce, motar ta kife. Shi ya karye a hannu. Goggonsa Mma-Lorato, wadda ke zaune kan buhun masara, ba ta tashi ba.

Kowa ya san al'adarmu. Ba a rufe mutum sai wani daga dangi ya miƙe ya faɗa wa jama'a yadda mutuwar ta zo. Dattijo Rre Ramaeba, uban Phenyo kuma yayan marigayiya, shi ya karɓi lasifika. Ya ce birki ne ya yanke. Ya ce taya ce ta cinye tiyo. Sannan ya ce, "Motar kuwa, kowa ya gan ta a kan tudun Rra-Masego." Ya zauna.

Bai ce shi ya saka ba. Bai buƙaci ya ce ba.

Rra-Masego yana can baya cikin maza, mataccen kunnensa ne ke wajen lasifikar. Bai ji ba. Kawunan da suka juyo kawai ya gani. Mma-Kitso ta yunƙura za ta miƙe, matan da ke kusa suka riƙe mayafinta, suka ce ba a musu a bakin kabari. Da aka zo mayar da ƙasa, maza suna karɓar shebur hannu da hannu kamar kullum, ya miƙa hannu. Wanda ke gabansa ya tsallake shi ya ba na bayansa. Mutumin nan yana kan bencin shayi ranar Laraba. Yana cikin waɗanda suka yi dariya.

Da aka share makoki Rra-Masego ya sa rigarsa ta coci ya tafi gidan Ramaeba. Mma-Kitso ce ta raka shi, don ta ce kunne ɗaya ba ya zuwa irin wannan magana.

"Rra, ni ban ce kai ka saka ba," in ji Rre Ramaeba.

"To ka ce ban saka ba."

"Wa ya tambaye ni?"

"Ni."

Dattijon ya ce, "Ƙanwata tana kwance a can. In na faɗi haka, 'ya'yanta za su kalli ɗana su ce an gaya masa ya ƙi ji. Kana so in binne mutum biyu?"

"Ai ka riga ka binne biyu, Rra," in ji Mma-Kitso. "Ɗayan dai yana numfashi ne."

Aka kawo musu shayi. Ba su sha ba.

Na gane uban. Ɗansa yake karewa, da sunan wani ya biya. Waɗanda ban gane ba su ne masu benci. Sun ga alli, sun ga an cire taya, sun ji abin da aka faɗa. Da aka tambaye su sai wannan ya ce bai lura ba, wancan ya ce yana waya a lokacin. Shanunsu a rijiyar Ramaeba suke sha, shi ke nan. Shekarun da na yi karatu a ƙasar sanyi, na sha yi wa mutane alfahari cewa mu a kgotla, dandalin taro gaban sarki, kowa yana da baki. Na daina faɗa.

Rra-Masego, kai ne wanda ya ce a'a ranar da i ta fi sauƙi. Kai ne ka cire aikin da ka riga ka gama, ka bar ɗan mai rijiya ya zage ka a gaban jama'a. Da ka saka tayar nan ka yi shiru, da yau rumfarka cike take, kuma da abin da aka faɗa a kanka gaskiya ne. Ka ƙi, aka faɗa duk da haka.

Satin da ya wuce aka fito da motar daga gyara. Sabon gilashi, sabon tiyo, tayoyin nan dai, wilin nan dai. Phenyo ya tsaya da ita a gidan mai da ke tsallaken rumfar, mata da yara a baya za su ruga. Rra-Masego ya ajiye kofin shayinsa, ya tsallaka titi, bai gaida kowa ba, ya kwanta ya shige ƙarƙashinta.

"Kai tsoho, fita daga ƙarƙashin motata."

"Murɗa sitiyari."

"Ba ka ji ba ne? Na ce ka fito."

"Ba na ji, kowa ya sani. Murɗa, ko ka taka ni ka wuce."

Mutane suka fara taruwa. Wata mata daga bayan motar ta ce, "Phenyo, murɗa masa mana, me zai ci maka?" Ya murɗa. Rra-Masego ya miƙo hannu daga ƙasa, ya kamo ƙafar wandon mai sayar da mai.

"Kai, sunkuyo. Kana da ido. Faɗa musu."

Mutumin ya sunkuya, ya leƙa. "Ta fara cin tiyon. Har ya yi sheƙi."

Matan suka fara sauke yara. Phenyo ya fito daga mota. Wannan karon ya durƙusa, da wandon nasa, ya duba. Ya daɗe a durƙushe.

Mma-Kitso ta iso da matsamin suya a hannu. "Ɗana, tambaya ɗaya. Wa ya saka maka tayoyin nan?"

Phenyo ya kau da kai.

"Na riƙe ka kana jariri, kada ka sa in maimaita."

"Ba shi ba ne, Mma."

"Me ya ce maka?"

"Ya ce kada in saka."

Rra-Masego ya fito yana kakkaɓe riga. Bai ji ba, sai da aka faɗa masa a kunnen dama. Ya ce a turo motar rumfa, ba za ta bar garin a haka ba. Yana da tsofaffin tayoyi daidai wilin, ya ɗaura mata su, ya canza tiyon, matan suka hau suka tafi.

Kada kowa ya ce magana ta ƙare. Mutanen da ke gidan mai ranar ba su cika mota ɗaya ba. Waɗanda suka ji ta farko sun cika maƙabarta, sun koma rugagensu da ita, har yau ita suke da. Phenyo ya faɗi nasa, da ƙyar, amma ya faɗa. Rre Ramaeba bai ce uffan ba. Masu benci yanzu sun fara tunawa: wai dama sun so su yi magana.

To ku yi. Akwai zaman kgotla kafin watan ya mutu. Wanda ya ga an cire tayar ya miƙe ya faɗa da sunansa, gaban Rre Ramaeba, ya ga ko rijiya za ta ƙafe. Samari masu ɗaga motoci, ku ɗaga, ba wanda ya hana, amma in mai aiki ya ce ku sunkuya ku gani, ku sunkuya. Masu ƙarfen taya da ke tasowa, ku koyi wannan daga gare shi: akwai aikin da ake mayar wa mai shi, ko ɗan wane ne.

Rra-Masego, mun gode. Ba ka nemi a rubuta wannan ba, na kuma san za ka ce an ɓata takarda. Yaran da aka sauke a gidan mai ba su san sunanka ba, iyayensu mata sun sani. Allah ya bar maka kunnen da ya rage.

Jiya wani ya tsaya bakin rumfar, ya leƙo ta tagar mota ya ce ya zo ba da haƙuri, abin da aka yi bai kyautu ba. Rra-Masego ya zagaya motar, ya duba tayoyin, ya ga sababbi ne, a wani wuri aka saka su.

"Na ji," ya ce. "Matsa mini daga bakin rumfa, ko mai aiki zai zo."

Gobe ma zai buɗe. Wanda zai je, ya je da taya.