Hular Baba a Cikin Kwano

Mahaifina mutum ne da in aka ce ya zaɓa tsakanin kansa da hularsa, sai ya nemi a ba shi lokaci ya yi shawara. A Rogo Sabon Gari, inda muka taso, kowa ya san shi da abu biyu: baƙin kekensa da yake gogewa da tsumma kowace safiya, da hularsa zanna mai shuɗi da ruwan ƙasa, wadda ba mai taɓa ta sai mai wankin hula, shi ma sai Baba yana tsaye a kansa. Manomi ne kamar kowa, dawa da gyaɗa. Amma da ya yi wanka ya zura babbar riga, ya kafa hular nan ya ɗan karya ta wajen dama da yatsu biyu, sai ka rantse daga gidan hakimi ya fito. Tun da nake bai taɓa dukana ba sai ranar da na ɗauki hular na yi wa 'yar tsanata gado a ciki.

Keken ba na neman abinci ba ne, don kayan gona jaki ke ɗauka. Na zumunci ne. Daga Zoza har Kurugu ba suna, ba ɗaurin aure, ba ta'aziyyar da za a yi a rasa baƙin keken nan a jingine a jikin dalbejiya. Wani lokacin ma ba dalili, sai dai ya ce bari ya je ya dubo wane, ya kwana biyu bai ji motsinsa ba.

Matsalar ita ce gaisuwa. Baba ba ya iya wuce mutum da sannu kawai. In babba ne sauka yake yi, wannan da sauƙi. Amma in tsararsa ne a cikin gona, sai ya soma tun daga nesa: barka da aiki, ina gajiya, ina iyali, yaya mai jiki, an samu ruwa wajenku? Shi kuwa keke ba ya tsayawa jiran amsa. Kafin a kai kan tambayar yara, Baba ya wuce mutumin, sai ya waiwaya ya ci gaba da gaisuwar, hannu ɗaya a sama, fuska tana kallon inda ya baro, keke yana tafiya inda Allah ya nufa. Mahaifiyarmu, Inna, takan ce rabin hanyar Zoza da ƙeya Malam ya san ta.

Ni ce babbar 'yarsa, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Da na gama makarantar koyon aikin jinya aka tura ni asibiti a Karaye, ɗakin wanke ciwo da ɗinki. A nan na san yadda kan mutum yake da rashin ƙwari. Kowa yana tsoron babur da mota, amma ni abin da ya tsaya mini a rai wani dattijo ne da aka kawo, ya hau keke zai sayo goro a bakin kasuwa, akuya ta gifta, ya faɗi kansa ya bugi dutse. Ba gudu yake ba, ba nisa zai je ba. Bai sake magana ba har aka mayar da shi gida. Ina wanke masa jini ina ganin fuskar Baba, har da irin askinsu ɗaya.

Lokacin kuwa an matsa wa masu babur a kan sa hular kwano, ta cika kasuwa a Kano. Na ba wani direban asibiti saƙo ya sayo mini ɗaya, fara mai jan layi a tsakiya, da maɗauri a haɓa. Ranar hutuna na kai ta gida a cikin leda, ina ji da kaina kamar na kawo maganin mutuwa.

Baba ya karɓa da hannu biyu, ya sa mini albarka, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa yadda ake gwada ƙwarya a kasuwa. Sannan ya tambaye ni, cikin natsuwa, ko na saya masa babur ɗin ne yana hanya. Na ce a'a, ta keke ce. Ya daɗe yana kallona, irin kallon mutumin da ya soma lissafin ko boko ya taɓa wa 'yarsa ƙwaƙwalwa.

"Uwata," ya ce, "in na sa wannan, ita kuma hular a ina za ta zauna?"

Na ce a aljihu. Inna da ke tankaɗe a gefe ta ajiye rariya ta shige ɗaki, don ta san na yi saɓo.

Duk da haka ya saka ta sau ɗaya, saboda ni. Na tsaya a ƙofar gida na ɗaure masa maɗaurin da hannuna, ya hau ya nufi majalisarsu da ke gindin wata tsamiya kusa da masallaci, inda dattawan unguwa ke zama bayan la'asar. Babbar riga tana kaɗawa, farin kwano yana ƙyalli a sama, yara suka bi shi a guje. Kafin ya jingine keken an riga an raɗa masa suna uku. Mai shayi ya ce ga ɗan kwana-kwana ya iso, ina gobarar take? Wani ya tashi ya ƙame ya sara masa. Wani tsohon tela, amininsa tun suna yara, ya tambaye shi ko in ya isa duniyar wata zai gaishe masa da mutanen can. Baba ya yi dariya tare da su, amma da ya dawo gida kwanon yana rataye a kan keken, kuma bai ci tuwon dare da yawa ba.

Daga nan majalisa ta samu abin tattaunawa har damina ta wuce. Ni mace ce, ba na zama a can, amma duk abin da aka faɗa yana iso ni ta bakin Baba, don yana jin daɗin kawo mini hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya kamar tsaraba. Sun ce kwano na mai gudu ne, shi kuwa keke ai tafiyar ƙasa ce a zaune. Sun ce da Kano za shi, to, da an duba maganar, amma Zoza ce fa, nan da can, ko tsohuwa tana zuwa ta dawo kafin azahar. Wani malamin allo a cikinsu ya ce wanda kwanansa ya ƙare ko tukunyar ƙarfe ya kifa sai ya tafi. Na ce Baba ya tambayar mini malam me ya sa yake sa takalmi in zai shiga gona, tunda ƙayar da aka rubuta za ta soke shi ba ta san fata ba. Baba ya ce ba zai kai wannan saƙon ba, kuma in rage kaifin baki in ina son zaman lafiya a gidan miji.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne duk mutanen nan sun san faɗuwa. Ba wanda ba shi da tabo a gwiwa ko a goshi. Sai dai a wurinsu faɗuwa daga keke abin ba da labari ne a yi dariya, sa kwano kuwa abin kunya ne da zai bi mutum har jikokinsa.

Wata Juma'a na zo gida na tarar da kwanon ɗaure a kariyar keke, wurin ɗora kaya a baya, da robar tsohuwar taya, an goge shi fes. Raina ya yi fari. Na ce ashe dai Baba ya sauko. Ya ce ƙwarai kuwa, ai bai taɓa samun kyauta mai amfani irin wannan ba, in zo in gani. Ya kwance robar ya ɗaga kwanon. Ga hularsa zanna a ciki, zaune daram, an naɗe ta da farin ƙyalle.

Ya yi mini bayani yana murna kamar wanda ya gano rijiya. Da can, in ji shi, kullum yana fama: iska ta taɓa cire masa hular ta jefa a kwata, gumi yana ɓata bakinta, in an yi yayyafi sitacin ya saki. Yanzu kuwa da ya fita bayan gari sai ya cire ta ya sa a kwano ya ɗaure, ya tafi da kansa a sake yana shan iska. In ya hango garin da za shi sai ya sauka a bayan wata bishiya, ya share gumi, ya kafa abarsa, ya shiga gari tsaf kamar yanzu aka karɓo ta daga wanki. Har telan nan ya soma tambaya ko za a samo masa irinsa.

Na ce, "Baba, don kanku na saya, ba don hula ba."

Ya ce, "Kai ai Allah ne ya yi shi, Uwata, shi zai tsare abinsa. Hula kuwa ni na saya."

Na yi fushi irin wanda 'ya ba ta da inda za ta kai shi. Na koma Karaye ban yi masa sallama da kyau ba, na bar Inna tana cewa in yi haƙuri, mutumin da ya haura sittin ba a sake masa hali.

Da kaka, ana cikin cirar gyaɗa, ina ɗakin ɗinki da hantsi sai ga akori-kura ta tsaya a ƙofar asibiti. Tun kafin a sauke shi na gane babbar rigar. Mutanen da suka kawo shi manoma ne daga wajen Zoza, kuma su ne waɗanda yake gaisarwa lokacin da abin ya faru. Sun ce ya taho a gangare zai je barkar haihuwa, ya yi musu barka da aiki, suka amsa, ya wuce yana waiwaye yana tambayar wani a cikinsu jikin mahaifiyarsa. Bai ga inda ruwa ya zaizaye hanya ba. Tayar gaba ta faɗa, shi kuma ya tashi sama ya sauko da gefen kansa na hagu a kan burji. Mai ba ni labarin ya ƙara da cewa, wallahi ko amsar bai tsaya ji ba, alhali tsohuwar ta samu sauƙi.

Na ƙarshe da ya sauko daga motar wani dattijo ne, rungume da farin kwanon a ƙirjinsa da hannu biyu, yana takawa a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. Ya miƙo mini ya ce in adana, sun duba hular da ke ciki, ba abin da ya same ta.

Ban iya yin ɗinkin ba. Wata abokiyar aikina ce ta yi, ni ina riƙe da kansa, wannan kan da na sha gani ana yi wa aski a zaure. Daga baya aka wuce da shi Kano. Ya daɗe bai san inda yake ba, mu kuma muna zaune a baranda ni da Inna, ba mai iya kallon wani. Tsoron da na ji a kwanakin nan ban taɓa jin irinsa ba, kuma a ƙarƙashin tsoron akwai haushi, don na san abin da zai fara tambaya in ya farka.

Haka kuwa aka yi. Da ya buɗe ido ya gane ni, bakinsa ya ɗan karkace, maganar tana fita da ƙyar, ya ce, "Hular fa?"

Na ce tana nan lafiya lau, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Ya lumshe ido ya yi hamdala.

Majalisa ta zo dubiya rukuni-rukuni bayan an sallamo shi, kuma a zauren gidanmu, ina jin su ta bayan labule, suka yanke hukunci a kan maganar da suka shekara suna ja. Sun yarda baki ɗaya cewa kwano abu ne mai kyau. Irin wannan faɗuwa, a ce hula ta fito ko kari bai ɓaci ba, ai Bature ya iya aiki. Telan ya ari kwanon ya je ɗaurin aure Kurugu da shi, ɗaure a kariya, da tasa hular a ciki.

Baba bai sake hawa keke ba. Ƙafarsa ta dama da ta shanye ta dawo har yana zuwa masallaci da sanda, maganar ma ta dawo, gaisuwa kuwa har ta fi da tsawo tunda yanzu a zaune yake yin ta. Hannun dama ne bai dawo ba. Yana nan a kan cinyarsa, yatsun a lanƙwashe, waɗannan biyun da yake karya hula da su ba sa ko motsi. Ya gwada da hagu, hular ta riƙa zama a kansa kamar an kifa wa yaro akushi, ya cire ya ajiye.

Saboda haka duk Juma'ar da nake gida, in ya yi wanka Inna ta taimaka masa da riga, sai ya zauna a bakin gado ya kira ni. In ɗauko hular, in tsaya a gabansa, shi kuma mutumin da ya taɓa dukana don na taɓa ta ya sunkuyar mini da kai. Nakan ɗora ta a hankali saboda tabon, in karya ta wajen dama yadda na ga yana yi tun ina yarinya. Ban taɓa dacewa ba. Ni na sani, shi ma ya sani, ko dai ta yi gaba da yawa ko karin ya faɗa ciki. Sai in miƙa masa madubi ya duba, ya daɗe yana dubawa, hannun nan yana kwance a cinyarsa.

"Ya yi, Uwata," yakan ce. "Miƙo mini sandata."